Na wanke ƙwayoyin harbi na shafa musu mai, saiti ya watse gaba ɗaya

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah masu harkar bindigar iska ku zo ku fidda ni duhu, yau na yi abin kunya a gona. Na buɗe sabon gwangwanin ƙwaya, irin mai guda 500 ɗin nan, mai faɗin milimita 4.5, sai na ga ƙasansa duk garin dalma da 'yan ɓarɓashi kamar an zuba kwalli, in ka taɓa yatsanka ya yi baƙi. Sai na ce bari in yi musu gata, na juye su a ruwan ɗumi da garin sabulu na girgiza sosai na tace na shanya a tire, da suka bushe na ɗauko man keken ɗinkin maman Hanifa na ɗiɗɗiga musu na jujjuya har suna sheƙi. Da la'asar na tafi gona can hanyar Giwa na kafa kwali a taku ashirin, harbin farko wallahi sai da na waiga in ga ko wani ne ya yi harbi a bayana, ƙara kamar nokawut, ga hayaƙi na fita daga bakin bindiga ga wari. Kuma bindigar da da in na yi harbi goma murfin kwalbar lemo ke rufe ramukan, yau tafin hannuna ma bai rufe su ba. Me na yi ba daidai ba?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Hhhh man keke fa ka ce? Ai ka gode wa Allah

Injiniya: Baban Hanifa taka mai sifirin ce ko mai tukunyar iska?

Baban Hanifa: Mai sifirin, wadda ake karya ta a tsakiya.

Injiniya: To shi ke nan, ka mayar da ita injin gas ne. Ka san injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafi man ya kama da kansa. Haka fistin ɗin bindigarka yake yi, in ka ja kunama yana danne iskar cikin ƙiftawar ido, zafin da ke tashi a wurin ya isa ya kunna duk wani mai da aka samo daga fetur, kuma man keke daga nan yake. Man da ya taru a ramin bayan ƙwayar shi ne ya tashi. Shi ya sa ka ji ƙara ka ga hayaƙi. Saitin kuma dole ya watse, don wata ƙwayar man jikinta da yawa wata kaɗan, wata ta fita da gudu wata ta fita a hankali, kowace da inda za ta sauka. Abin tsoron ma ba saitin ba ne, robar da ke kan fistin tana ƙonewa, sifirin ma kan iya karyewa. Harbi nawa ka yi a haka?

Baban Hanifa: Ya kai talatin fa, ina ta cewa ko za ta daidaita

Injiniya: Inna lillahi. Talatin.

Sajan Mai Ritaya: Ni tambayata ɗaya ce, wa ya aike ka wanki? Ƙwaya ta fito daga kamfani ka ce sai ka yi mata wanka da shafa kamar amarya. Ku je ku kalli masu gasar Olamfik na mita 10, tsakiyar takardar da ake ba wa maki goma ɗigo ne rabin milimita, rabin milimita fa, harbi 60 a tsaye, kuma yanzu har da ɗigon maki ake lissafi, mafi girma 10.9. Mutanen nan abin da suka fi damuwa da shi shi ne su gwada rukuni-rukuni na ƙwaya a bindigarsu har su sami wanda bututun ya yarda da shi, su saye shi da yawa. Shi ya sa za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko 4.51 a gindin gwangwanin, wato faɗin kan ƙwayar a milimita. Ba kwano da sabulu suke yawo da shi ba. Yaran yanzu in harbi ya ƙi sai a ce ƙwaya ce, a ce iska ce, ba wanda zai ce yatsana ne ko numfashina.

Ɗan Samaru: Ranka ya daɗe Sajan da girmanka amma nan kam ban yarda ba. Su waɗancan RWS R10 da H&N Finale Match suke harbawa, ka buɗe gwangwani tas kamar an lashe. Mu kuma me muke samu a nan? Duk abin da wani ya riƙo mana a jaka, ya sha jijjiga a jirgi ya sha a mota daga Legas ko Kano, rabin siket ɗinsu, wato buɗaɗɗen bakin da ke bayan ƙwayar, ya lanƙwashe. Ni ina wankewa kuma ina ganin amfaninshi, ɓarɓashin nan in ya maƙale a cikin ramin ƙwaya ai nauyinta ya karkata gefe ɗaya, abu ne da duka-duka nauyinshi rabin giram da 'yan kai.

Sajan Mai Ritaya: Ka auna ko dai zuciyarka ce ta gaya maka?

Ɗan Samaru: Idona ya gaya min

Sajan Mai Ritaya: Ido ba mudu ba.

Alhaji Na Ohayo: Salam 'yan uwa, yanzu na tashi daga aiki, nan rana ce tukuna. Na karanta duka. Inaga inda Baban Hanifa ya samo wannan tunanin shi ne wajen masu harbi da harsashin dalma na zubi, don a nan Amurka abin da nake yi ke nan a kulob ɗinmu duk ƙarshen mako, kuma mu lallai sai da mai. Amma dalilinmu daban ne. Mu wuta ce ke tura harsashi, iskar gas mai zafin gaske, ita kuma dalma taushi gare ta, a digiri 327 ta narke. In harsashin ya bi bututu a bushe, ko ya yi wa bututun kaɗan har wutar ta sami hanya ta gefensa, sai ya riƙa barin dalma tana liƙewa a tsagin ciki, kafin ka yi harbi ashirin ka leƙa ka ga zane-zane fari-fari, daga nan saiti ya tafi. Shi ya sa harsashin zubi ake yinsa da kwarmi zobe-zobe a jikinsa, nan ne mazaunin man. Kuma in an ce mai kar ku ɗauka na ruwa ne, abu ne mai kauri kamar man leɓe, yawanci kakin zuma ne aka haɗa da wani maiƙo. Bindigar iska kuwa babu wuta, gudun ma bai kai ba, ƙwayar kuma a wuri biyu kawai take taɓa bututu, kai da bakin siket. To me za ka shafa wa mai a nan?

Baban Hanifa: Wallahi Alhaji ka gano ni, bidiyon wani tsoho Bature na gani yana jera harsasai a tire yana zuba musu abu kamar narkakken kyandir

Alhaji Na Ohayo: Hhh na sani ai. Wannan tsohuwar hanya ce, a jera su a tsaye a zuba har ya rufe kwarmin, ya daskare, a turo su ɗaya bayan ɗaya. Masu wasan Schuetzen har gobe haka da yawansu ke yi, wasa ne da Jamusawa suka shigo da shi Amurka tun ƙarni na 19, bindiga mai cin harsashi ɗaya, yadi 200, wato kusan mita 183. Akwai wani maƙerin bututu da suke ji da shi, Harry Pope, har yau in aka ce bututu aikinsa ne sai ka ga dattawa sun kewaye shi suna leƙe. Amma abin da bidiyon ba zai nuna maka ba shi ne wahalar da ke bayan wannan. Ni kafin mai ya taɓa harsashi sai na duba kowane ɗaya a ƙarƙashin fitila, wanda gindinsa bai cika da kaifi ba gefe, mai ƙuraje gefe, sannan sikeli, wanda ya yi sauƙi ya nuna akwai kogo a cikinsa, shi ma gefe. Bayan an sa man kuma sai na bi gindin kowane ɗaya na goge a kan ƙyalle har ya yi tas, don gindin shi ne sitiyarin harsashi, shi ne ƙarshen abin da ke rabuwa da bakin bindiga, in ɗan guntun kaki ya maƙale a gefe ɗaya to ka ga harbin da zai fita daga cikin 'yan uwansa ka rasa dalili. Man da ya yi yawa ma matsala ne, taruwa yake a bututu sai wani harbin ya kwashe shi gaba ɗaya ya tafi can daban. Yadda muke gane ya isa, bayan harbi da yawa ka duba bakin bututun, in ka ga ɗan maiƙo ya yi zane kamar tauraro to ya kai har ƙarshe, in bakin ya bushe ƙayau to ya ƙare a hanya.

Sai kuma yanayi. Lokacin ƙanƙara man yakan sandare, harbin farko da na biyu ba a lissafa su. Da zafi kuma akwai ranar da na manta akwati guda a but ɗin mota, na zo na tarar man ya tsiyaye daga kwarmin ya taru a ƙasa, aikin mako biyu ya tashi a banza. Nan ma fa ke nan, ina ga Zariya a watan Afrilu, kakin zuma kansa bai wuce digiri sittin da 'yan kai ba yake narkewa, wanda aka sassauta da maiƙo kuwa tun kafin nan ya saki.

Ɗan Samaru: Alhaji yanzu ba fenti ake musu ba? Na ga wasu ja wasu shuɗi

Alhaji Na Ohayo: E akwai, garin fenti ne ake gasawa a jikinsu, masu ƙaramar bindiga sun rungume shi sosai don ba ya hayaƙi ba ya ɓata hannu. Amma dattawan kulob ɗinmu masu neman rami ɗaya a yadi 200 yawancinsu suna nan kan kakinsu, gardamar da ake yi a kai ta fi wannan tamu zafi.

Jikan Maharba: Ku kuna ta turanci. Mu kakanmu a nan cikin birni har ya rasu bai san wani kakin kanti ba, bindigan tokanshi in ya dawo daji ruwan zafi yake tafasawa ya ɗura mata ya yi ta zurawa da tsumma a kan sanda har ruwan ya fito fari, ya jingine ta a rana kai ƙasa, sannan ya bi ta da kitsen akuya ko man kaɗanya. Muna yara mu ake sa wa riƙon buta. Haka 'yan bindigan sarki ma suke yi bayan hawan sallah, in ba haka ba kwana biyu tsatsa ta cinye ta. Wata rana wani yayanmu ya ɗauko baƙin mai na mashin ya zuba mata wai ya fi, tsohon nan sai da ya bi shi da sanda har zaure.

Alhaji Na Ohayo: Allah ya jiƙan kaka, wallahi ilimi ne tsantsa. Tokar albarushi tana da gishiri-gishiri mai jan danshi, ruwa ne ke narkar da ita, mai ba ya yi. Kuma in ta haɗu da man fetur sai ta zama kamar kwalta ta ƙanƙame. Turawan nan masu harbi da baƙin albarushi abin da suke yi ke nan har yau, ruwa da kitse da kakin zuma, sai dai su a kwalba mai lakabi suke saye da dala.

Malam Na Kongo: Tunda an zo maganar kitse bari in sa baki, nan ne fagena. Maiƙon harsashi ya taɓa girgiza daular Ingila fa. A 1857 a Indiya, an kawo wa sojojin ƙasar da ke aiki ƙarƙashin Turawa sabuwar bindiga Enfield, harsashinta a naɗe yake cikin takarda mai maiƙo, kuma sai soja ya ciji takardar da haƙori ya yage kafin ya ɗura. Sai magana ta bazu cewa kitsen alade da na saniya ne. Musulmi ga alade, Hindu ga saniya. Akwai wasu dalilan da suka daɗe suna taruwa amma wannan ne ya kunna wutar, daga Meerut tawaye ya tashi har Delhi, bayan an kwantar da shi ne gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin da ke riƙe da ita a 1858.

Ɗan Samaru: Malam ko maganar tuwo ake sai ka kawo shekara hhh

Lauya: Jama'a ina bin ku a hankali amma bari in ja birki kaɗan, kun san halin da ake ciki a yankin nan kuma guruf ne mai mutum sama da ɗari. Abin da Alhaji ke yi a can halal ne a dokar can. A nan dokar makamai ta 1959 ita ke aiki, kuma ƙera makami ko harsashi ba aikin mutum a gidansa ba ne, ai ga DICON, kamfanin gwamnati mai ƙera makamai, da aka kafa a Kaduna a 1964. Ita kanta bindigar iskar da wasu ke ɗauka abin wasan yara ce tana cikin jerin waɗanda sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha ake neman izininta. Kar wani ya karanta hirar nan ya je ya ɗora tukunya.

Admin: Lauya ya yi gaskiya. Maganar tsafta da mai da saiti a ci gaba, duk wanda ya tambayi yadda ake zubi zan goge in cire shi, ba gaba.

Baban Hanifa: Takarduna na nan lafiya lau barista, kai ma ka gani

Anti Nas: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Baban Hanifa a wane kwano ka yi wankin, da me ka tace, ina ka zubar da ruwan?

Baban Hanifa: Anti... a robar kicin ne, na tace da matacin taliya. Ruwan kuma na watsa a tsakar gida

Anti Nas: La haula. Tsakar gidan da Hanifa ke rarrafe tana kai hannu baki? Kai ka ce ruwan har da garin dalma a ciki. Kun manta Zamfara a 2010 ne, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba harbinsu aka yi ba, ƙurar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gida, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka kankare ƙasar gidaje. Ban ce naka ya kai nan ba amma dalma ba ta da ɗan kaɗan a jikin yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa kuma ba za ka ga alama yau ba. Robar nan da matacin su bar kicin har abada, wurin da ka watsa ruwan a kankare saman ƙasar a fitar. Ku kuma masu sa ƙwaya a baki kuna riƙewa kafin ku ɗura, na san kuna nan kuna karantawa, ku daina. A wanke hannu da sabulu kafin a ci ko goro ne.

Jikan Maharba: Anti ta kama ni wallahi, tun ina yaro a baki nake ajiyewa

Baban Hanifa: Na ji Anti, gobe da asuba zan kankare in sha Allah. Maman Hanifa ba ta ma san da matacinta aka yi ba tukuna

Injiniya: To mu koma kan bindigar. Ka fara zura ƙyalle busasshe ta baya zuwa gaba da igiyar kamun kifi mai kauri, kar ka tura ƙarfe ta baki, bututun bindigar iska ƙarfensa ba shi da tauri sosai kuma in bakin ya sami rauni an gama. Ka yi ta canzawa har ya fito ba mai. Waɗancan ƙwayoyin masu man keke ka ware su. Na kuma lura ka ce ka girgiza su sosai, wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa siket, sannan ka shanya su a buɗe cikin wannan hunturun, mai da ƙura in sun haɗu ai sun zama sanfefa.

Sajan Mai Ritaya: Kuma bayan ka goge kar ka yanke hukunci da harbin farko, sai ta ci kamar ashirin ko talatin kafin ta dawo hayyacinta. Ni ga shawarata tunda Ɗan Samaru ya ce idonsa ne sikeli. Ka ware kashi biyu daga gwangwani ɗaya, duka ka tsince masu lanƙwasa. Kashi ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya a wanke a hankali ba mai. Ka ba wani ya zuba su a leda biyu ya sa alama kai ba ka san wanne ne wanne ba. Ka ɗora bindigar a kan buhu, wuri ɗaya, riƙo ɗaya, da sassafe kafin iska ta taso. Goma-goma sau uku. Sai ka sa rula ka auna faɗin da ramukan kowane goma suka ci.

Ɗan Samaru: Na yarda. In nawa ya ci Sajan zai sayi tsire a PZ

Sajan Mai Ritaya: In ya faɗi kai za ka saya har da lemo.

Baban Hanifa: Salam, na dawo da rahoto, yau Asabar na yi gwajin, ƙanina ne ya riƙe sirrin ledojin. Taku ashirin, a kan buhun masara. Wanda ba a wanke ba: milimita 24, 27, 23. Wanda aka wanke: 25, 22, 26. Hotunan na nan tafe in netwok ya yarda. Amma gaskiya bindigar ba ta da ƙarfinta na da, ƙwaya na sauka ƙasa da inda na saba kuma in na harba ina jin wani ƙarau a ciki.

Ɗan Samaru: 22! Sajan a fito da kuɗin tsire

Sajan Mai Ritaya: Tara su ka raba uku ɗana. Bambancin bai kai kaurin farce ba, wannan ai rawar hannunsa ce. Tsincewar ce ta yi aiki ba wankan ba.

Ɗan Samaru: To a sake a taku arba'in mu gani, a nan ne ɓarɓashi ke nuna kansa

Injiniya: Ku bar gardamar nan tukuna, ba a gwaji da bindiga mara lafiya. Wannan ƙarau ɗin robar fistin ce ta tafi, fistin na dukan ƙarfe kai tsaye, ka daina harbawa kafin sifirin ya bi ta. Turo min sunan samfurin da hoton lambar da ke jikinta.

Alhaji Na Ohayo: In an gano samfurin a turo min, robar ba ta da tsada a nan, ƙanwar matata za ta taho gida kafin azumi sai ta riƙo.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Alhaji. Injiniya zan turo bayan Magariba, yanzu ina kasuwar Sabon Gari ne, an gano maganar mataci